Ɗiyarmu mai ɗinkin bidiyo

Ranar da wata ƴar'uwarmu ta nemi rance daga asusu don a saya wa ɗiyarta tsohuwar kwamfuta, sai da muka yi gardama har rana ta karkata. Mu nan Ollelewa mun saba da rancen awaki, na tuyar ƙosai, na sarin gero a kai kasuwar Tanut. Amma kwamfuta? Wata dattijuwa ta ce: "To, abin nan haihuwa yake yi?" Muka yi dariya, muka bayar, zuciya dai ba ta kwanta ba.

Yarinyar tana karatun aikin jarida, can Yamai. Da ta zo hutu na zaunar da ita, na ce ɗiyata, nuna mini abin da kuɗinmu ya saya.

Abin da suke kira montaji, ni dai ɗinki na gani. Ka ɗauko hotunan da ka ɗauka ka zuba cikin manhaja, a makaranta Adobe Premiere suke koyo, a waya kuma akwai CapCut. Sai su jeru kan wani dogon layi kamar an shimfiɗa yadi, hoto a sama, murya a ƙasa. Ka yanke inda ba ka so, ka jona sauran, ka sa rubutu, a ƙarshe ka fitar da shi dunƙule ɗaya. Ta ce makon farko kuka ta yi: ta kwana tana aiki, wuta ta ɗauke, ba ta ajiye ba, komai ya tafi. Yanzu in ta yi yanka biyu uku sai ta danna ajiya.

Ta ɗauki zaman zubinmu minti 40, ta mayar da shi minti 3. Iskar Damargu ta cinye rabin maganarmu, sai da muka sake cikin ɗaki. Wai mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma in murya ba ta fita, wucewa zai yi. Kuma dole ta rage nauyin bidiyon, in ba haka ba rezonmu ba zai tura shi a WhatsApp ba.

Inda nake so ku saurara da kyau, ƴan'uwa, ga shi. Ma'ajiyarmu ta ce: "Da can ba mu amince da juna ba, yanzu akwati ɗaya ya haɗa mu." Yarinyar, don ta nuna mini, ta yanke rabin ƙarshe. Sai ga baiwar Allah tana cewa ba mu amince da juna ba, da bakinta, da fuskarta! Jikina ya yi sanyi. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, amana ce jarinmu, ga shi almakashi ɗaya zai iya kwance ta.

Nan take muka tsai da doka: duk mai ɗaukar mu, ɗiyarmu ce ko baƙon wata ƙungiya, sai ya nuna mana bayan ya gama haɗawa, kafin ya tura ko'ina. Wadda ba ta son fuskarta ta fito, a ɗauki hannunta yana zubi. Mata biyu suka zaɓi haka.

Rancen kuwa, ta biya kashi biyu da kuɗin haɗa bidiyon bukukuwan aure. Saura ɗaya, bayan girbi. Dattijuwar nan har yanzu tana jira.