Ɗa a Jami'a, Iyaye a Gida: Me Ke Ɓoye a Bayan "Lafiya Lau"?

Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take, amma tun daga watan Agustan 2001 da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya muka ɗauke ta daga ƙafa muka mayar da ita kunne. A da, uban da ke zaune a Gumel ko Azare, ɗansa kuwa yana karatu a Samaru ko Kongo, sai ya jira wasiƙa ta gidan waya, ko kuma ya bai wa direban motar haya saƙo da ɗan abin ɓatarwa da ƙullin garin kunu, sannan ya zauna jiran dawowarsa. Direban nan ya ga yaron da idonsa. In ya rame zai faɗa, in ya tarar da shi cikin abokan da ba su kwanta masa a rai ba, zai san yadda zai sa a kunnen uban. Yau uwa tana iya jin muryar 'yarta sau uku kafin magariba, kuɗi kuma su shiga asusun yaro cikin minti guda, amma iyaye da yawa sun fi na wancan zamani jahiltar halin da 'ya'yansu ke ciki.

Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda muke gaisawa. "Ya karatu?" "Lafiya lau." "Ba wata matsala dai ko?" "Babu, Baba." Shi ke nan, an yi sallama. Tarbiyyarmu ta koya wa yaro cewa amsar gaisuwa ɗaya ce ko da kuwa daga gadon asibiti yake amsawa, ta kuma koya masa kada ya ɗora wa manya damuwa. Ga kuma alkunya, musamman tsakanin iyaye da ɗan fari, wanda a gidaje da dama ko sunansa ba a kira, balle a zauna a yi doguwar hira da shi. Alkunya ado ce, ban zo in rushe ta ba. Sai dai magabatanmu da suka riƙe ta sun tanadar mata ƙofa: akwai kawu, akwai gwaggo, akwai kaka da ake wasa da ita, waɗanda yaro ke iya buɗe wa cikinsa, su kuma su san yadda za su isar da maganar. Mu 'yan boko da muka koma gidajen gwamnati da rukunin gidaje masu katanga, mun riƙe alkunyar mun bar ƙofar a can ƙauye. Saboda haka shawarata ta farko ga duk gidan da ke da ɗalibi ita ce a san wane ne a dangi yaron nan ya fi sakewa da shi, a ɗora masa nauyin kiransa da ziyartarsa, iyaye kuma kada su ji haushi in labari ya iso musu ta hannun wani.

Mu tuna ko su wane ne muke turawa jami'a. Bayan taƙaddamar da aka yi a 2024 kan ko shekara 18 za a tsayar, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dawo kan shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga. Ke nan yaron da jiya-jiya yake makarantar kwana, ana kaɗa masa ƙararrawar tashi da ta cin abinci, ana da ranar ziyarar iyaye, ana aiko da sakamakonsa gida a ƙarshen kowane zango, shi ne yau aka sake shi cikin dubban mutane, a zauren lacca da malami ba zai taɓa sanin ya zo ko bai zo ba. Babu taron iyaye da malamai. Babu takardar sakamako da za ta iso gida. Jami'a tana kallonsa a matsayin baligi mai cin gashin kansa, alhali a gida ko kuɗin cefane ba a taɓa damƙa masa ya sarrafa na mako guda ba.

Batun sakamakon nan shi ne inda na fi son mu daɗe, domin nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Mafi yawan jami'o'inmu suna auna ɗalibi da matsakaicin maki da ake tarawa tun daga zangon farko har zuwa na ƙarshe, wanda ake kira CGPA, bisa ma'aunin 5. Mai 4.50 zuwa sama shi ne ya fita da daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, daga 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama, daga 1.50 zuwa 2.39 ta uku. Kalmar da ya kamata uba ya riƙe ita ce "tarawa". Abin da yaro ya ɓata a shekarar farko yana bin sa har ranar bikin yaye ɗalibai. Alal misali, ɗalibin digirin shekara huɗu da ya gama ajin farko da 1.80, in nauyin darussan kowace shekara daidai ne, sai ya riƙa samun sama da 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya taɓo 3.50, wato darajar da manyan ma'aikatu da masu ba da tallafin karatu suka fi nema. Shekarar farko kuwa ita ce wadda yaro ke ɓata rabinta wajen neman ɗakin kwana, layin rajista da ɗokin 'yanci. Wanda makinsa ya faɗi ƙasa da matakin da jami'a ta gindaya sai a sa shi a jerin gargaɗi, in bai farfaɗo ba a ce ya sauya fanni ko a sallame shi. Duk wanda ya yi aiki a jami'a ya san labarin ɗalibin da aka sallama tun a aji biyu, ya ci gaba da zama a gari yana karɓar kuɗin rajista daga gida har shekarun da ake sa ran ya gama suka cika, sai da maganar bautar ƙasa ta taso asiri ya tonu. Irin wannan yaro tsoro ne ya kai shi ga ƙarya, tsoron ranar da zai tsaya gaban mahaifinsa ya ce ya faɗi.

Maganinsa mai sauƙi ne, in an fara shi da wuri. A yi yarjejeniya tun kafin ya tafi cewa kowane zango za a zauna tare a duba sakamako a shafin intanet na jami'a, kamar yadda ake zama a duba lissafin gona bayan girbi. In aka ga darasin da ya faɗi, abin da ɗalibai ke kira keri-oba, a tambayi dalili kafin a ɗaga murya. Yadda uba ya karɓi faɗuwar farko shi ke yanke ko zai ji labarin ta biyu. Kuma wani lokaci dalilin yana komawa gare mu ne: mun tura mai son tarihi ko harshe ya karanci likitanci ko injiniya don mu ma a ce da mu baban likita. Sauya fanni a aji ɗaya ko biyu ya fi sallama a aji uku sauƙin haɗiya.

Sai kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na abinci suka bi ta, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a wannan shekarar. Uban da har yanzu yake auna buƙatar ɗansa da abin da shi ya kashe a zamaninsa, lokacin da akwai tikitin cin abinci a jami'a, yana zaluntar yaron ba tare da ya sani ba. Ɗalibin yau yana sayen data don karɓar aikin aji, yana biyan kuɗin buga takardu, yana hawa mota tsakanin tsohon mazaunin jami'a da sabo, wani kuma haya yake biya a wajen makaranta saboda gadajen ciki ba su isa ba. Ni a ganina kaɗan da ke zuwa a ranar da aka sani ya fi mai yawa da sai an roƙa. Yaron da ya san ranar ɗaya ga wata zai ga abu kaza yana koyon tsara kansa. Wanda sai ya kira sau biyar ana ce masa "zan duba" yana koyon ƙirƙiro kuɗin littafin da babu shi, in kuma mace ce, ana tura ta ga mai ba ta ba tare da ta roƙa ba, kuma mun san ba don Allah yake bayarwa ba.

Ga waɗanda nauyin ya fi ƙarfinsu akwai asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda aka sake kafa dokarsa a watan Afrilun 2024, aka buɗe karɓar buƙatu a watan Mayu. Bashin ba shi da ruwa, abin da ke da muhimmanci ga mutanenmu; ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, an kuma fara da bai wa ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiyarsa, biya kuwa sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa. Amma bashi bashi ne, bai kamata yaro ɗan shekara 17 ya ci shi iyayensa ba su sani ba, kuma bai kamata uba ya janye hannunsa gaba ɗaya don ya ji gwamnati na bayarwa ba.

Yajin aiki ma wani gwaji ne da ke faɗowa kan gida. A 2020 ƙungiyar ASUU ta yi kimanin wata tara, a 2022 ta yi wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Saurayin da ya dawo gida a irin wannan lokaci ba hutu ya zo ba. Yana kallon tsaransa na jami'o'in kuɗi suna wuce shi, a gida kuma an rasa ko yaro za a ɗauke shi ko babba. Gidajen da suka yi dabara sun kai nasu shagon ɗinki, gyaran waya, kasuwa ko gona. Waɗanda suka bar su ga barcin rana da majalisar dare, wasunsu har yau suna biyan kuɗin wannan sakaci. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, ɗaya cikin kowane huɗu kuma mace ce. Haramta maganin tari mai kodin da aka yi a watan Mayun 2018 bai rufe kasuwar ba, kuma ba a waya ake gane mai sha ba. Sai an gan shi.

Game da 'ya'ya mata, abu ɗaya zan faɗa wa iyaye maza. Rahoton ɓoye da BBC ta fitar a 2019 kan malaman da ke neman ɗalibai da lalata don maki a Legas da Accra aka ɗauke shi, amma kada mu yaudari kanmu cewa cutar ta tsaya a can. Yarinyar da ta san cewa ranar da ta kawo ƙarar malami ranar za a ce ta tattaro kayanta ta dawo gida a yi mata aure, ba za ta taɓa kawo ƙara ba. Sai ta tabbata karatunta ba zai zama fansar gaskiyar da ta faɗa ba sannan za ta yi magana, kuma galibi ga uwa ko yaya za ta fara yi.

Tsaro kuwa ya sa abin da a da ake ganin ƙaƙale ne ya zama wajibi. An sace ɗalibai a Kwalejin Gandun Daji da ke Afaka a watan Maris na 2021, da Jami'ar Greenfield a watan Afrilun shekarar, sannan a watan Satumban 2023 aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida, wajen harabar makaranta. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, dubban 'ya'yanmu ne suka maƙale, aka riƙa kwaso su ta Masar da Port Sudan. Tambayar da zan yi wa mai karatu ita ce: in wayar ɗanka ta mutu yau da dare, lambar wa za ka kira? Ka san sunan unguwar da yake haya, da mai gidan? Kana da lambar abokin ɗakinsa, da ta malamin da ke kula da ajinsu, da kwafin katin shaidarsa ko fasfonsa? Tsohuwar al'adar nan ta damƙa yaro a hannun wani dattijo a garin da zai yi karatu, wanda zai riƙa zuwa gaishe shi ranar Juma'a, ta fi kowace manhajar bibiya amfani, domin dattijo yana iya tashi ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sai dai a kula, kulawa daban, tsaro irin na gidan yari daban. Uwar da ke kira kowace sa'a tana tambayar "kana ina?" amsa ɗaya za ta koya wa ɗanta: "ina laburare."

Su ma jami'o'in da saura a wuyansu. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai ita ce rana ɗaya tilo da iyaye ke cika harabar makaranta kafin bikin yayewa, amma sai a bar ta ta ƙare a ɗaukar hoto da rabon shinkafa. Me zai hana Sashen Harkokin Ɗalibai ya ware sa'a biyu a wannan rana ya tara iyaye, ya yi musu bayani da Hausa kan yadda ake lissafa maki, da ma'anar jerin gargaɗi, da inda asibitin makaranta da ofishin ba da shawara suke, ya kuma raba musu takarda guda mai ɗauke da lambobin da in an kira za a ɗauka? Ɗalibi kuma a ba shi fom a lokacin rajista, ya sa hannu da yardarsa cewa in sunansa ya shiga jerin gargaɗi, ko ya yi zango guda bai yi rajista ba, a aika wa waliyyinsa saƙon tes. Jami'ar da ke iya tura wa dubban ɗalibai sanarwar ranar rufe biyan kuɗi cikin dare ɗaya tana da na'urar yin wannan, kuma lambar waliyyin tana nan cikin fayil ɗin yaron tun ranar da ya cika takardar shiga.