Zuciya Ba Ta Jiran Likita: Abin Da Nas Za Ta Riƙe Kafin Jarrabawar CCRN

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe a Amurka ya san maganar nan ta iyaye: ko ka zama likita, ko injiniya, ko lauya. Amma in ka duba yaran unguwarmu da suka gama koleji, za ka tarar da yawa aikin nas suka kama, mata da maza. Wasunmu kuma sun faɗa sashen da iyayenmu ke kira gobe da nisa, wato ICU, inda ake kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Saboda su na yi rubutun nan, musamman masu shirin zama jarrabawar CCRN.

Bari in fara da wani dare da ba na mantawa. Ina aikin dare aka kawo wani dattijo ɗan zango, Turancinsa kaɗan ne, sai aka ce in zo tunda ina jin Hausa. Na ce, "Baba, ina ke maka ciwo?" Ya ce, "'Yata, ba komai ba ne, olsa ce ta motsa, tun la'asar nake jin tashin zuciya." Gumi kuwa ya jiƙa masa riga sharkaf, bugun zuciyarsa 48 a minti, awon jininsa 96 bisa 58. Takardar ECG ta nuna layin ST ya ɗaga a II, III da aVF. Nan take na mayar da wayoyin awon zuwa ƙirjinsa na dama, sai ga shi ya ɗaga a V4R ma. Na kira likita na faɗa masa, aka ajiye maganin naitirogilisarin gefe, aka sa masa ƙarin ruwa, aka garzaya da shi ɗakin buɗe jijiya. Me ya sa muka ajiye maganin da kowa ya san na ciwon ƙirji ne? Ku biyo ni, amsar tana gaba, kuma irin tambayar da jarrabawar ke so ke nan.

Mece ce CCRN ɗin?

Takardar shaida ce ta ƙwarewa da ƙungiyar nas-nas masu kula da marasa lafiya masu tsanani ta Amurka, AACN, ke bayarwa tun 1976. Ita kanta ƙungiyar da aka kafa ta a 1969 ta nas-nas ɗin zuciya ce, sai a 1971 aka canja mata suna ta haɗa kowa. Kun ga ke nan tun asali zuciya ce tushen wannan fanni. A farkon shekarun 1960 ne likitoci irin su Desmond Julian a Birtaniya da Hughes Day a Kansas suka kawo tsarin tara masu ciwon zuciya a ɗaki ɗaya, a jona musu na'ura, a koya wa nas karanta bugun zuciya da ɗaukar mataki kafin likita ya iso. Daga nan aikin nas ya wuce miƙa magani da gyara gado.

Kafin a bar ka ka zauna, sai kana da lasisin nas, kuma ka yi awa 1,750 a bakin gadon masu ciwo mai tsanani cikin shekara 2, awa 875 daga ciki a shekarar ƙarshe. Akwai hanya ta biyu: awa 2,000 cikin shekara 5, da awa 144 a shekarar ƙarshe. Tambayoyi 150 ne cikin awa 3, guda 125 ake ba maki. In ka ci, takardar tana aiki shekara 3 kafin ka sabunta. Masu son zurfafawa a zuciya suna iya ƙara CMC ko CSC daga baya. 'Yan uwanmu na Ingila tsarinsu daban ne, kwas ake yi a jami'a tare da cike matakan ƙwarewa a wurin aiki, amma ilimin zuciyar duk ɗaya ne.

Famfo, ruwa da tiyo

Wanda ya taɓa zuwa hutu gida ya ga injin jan ruwa. Abu uku ke sa ruwa ya hau tanki: ruwan da ke shiga injin, ƙarfin injin, da faɗin tiyo. To haka zuciya take. Jinin da take turawa a minti ɗaya shi ne yawan bugu sau abin da take turawa a bugu guda. Bugu 70 sau mililita 70 ya ba ka kusan lita 5, kuma lafiyayyen baligi yana tsakanin lita 4 zuwa 8.

Kada ka ɗauka in bugu ya ƙaru jini ya ƙaru. In zuciya ta kai 160 a minti ba ta samun sararin cika, ga shi kuma ɓangaren hagu yawanci a lokacin saki yake shan nasa jinin. Tana ta gudu, tana kwana da yunwa.

Lissafin da za ka yi ko cikin barci shi ne MAP, matsakaicin matsin jini: lambar sama, a tara da lambar ƙasa sau biyu, a raba uku. Mai 90 bisa 50 yana da 63, alhali 65 zuwa sama ake nema don ƙoda da ƙwaƙwalwa su samu rabonsu. Shi ya sa muke sa ido kan fitsari, a ƙalla rabin mililita kan kowane kilo na nauyin mutum a awa ɗaya.

Da wannan hoton na famfo za ka rarrabe nau'o'in shok, wato durƙushewar zagayen jini. In jini ko ruwa ne ya zube, abin da ke shiga zuciya ya ragu, jijiyoyi sun tsuke, jiki ya yi sanyi. In famfon ne ya gaza, jini ya taru a baya ya cika huhu, jijiyoyi sun tsuke su ma, amma a nan ƙarin ruwa barkatai ƙara nutsar da mutum ne. In ƙwayar cuta ce ta shiga jini, tiyon ne ya saki ya buɗe, da fari ma jiki da ɗumi. Lambobin da ake gane wannan da su suna fitowa daga siririn bututun nan na Swan-Ganz, wanda Jeremy Swan da William Ganz suka fito da shi a 1970 a Los Anjalas. An rage amfani da shi a yanzu, amma dole ka iya karanta lambobinsa: CVP 2 zuwa 6, PAOP 8 zuwa 12, SVR 800 zuwa 1,200. Littattafai kan ɗan saɓa da lamba ɗaya ko biyu, kada wannan ya ɗaga maka hankali.

Taswirar ECG

Willem Einthoven ɗan ƙasar Holan ya samu kyautar Nobel a 1924 saboda wannan awo, har yau kuma da shi ake farawa. Ƙa'ida ita ce a yi wa mai ciwon ƙirji ECG cikin minti 10 da isowarsa, in kuma jijiya ta toshe gaba ɗaya a buɗe ta cikin minti 90. Ka riƙe taswirar: II, III, aVF ƙasan zuciya ne, yawanci jijiyar dama ke ba shi jini. V1 zuwa V4 gaba ne, rabon jijiyar da ake kira LAD. I, aVL, V5 da V6 gefe ne.

To mu koma kan Baba. Jijiyar dama ita ke ciyar da ɗakin ƙasa na dama, kuma a jikin yawancin mutane ita ke ciyar da cibiyoyin lantarkin zuciya, dalilin da bugunsa ya sauka 48 ke nan. Ɗakin dama in ya ji rauni ba ya iya tura jini sai an cika shi sosai. Naitirogilisarin kuwa buɗe jijiyoyin da ke dawo da jini yake yi, sai abin da ke komowa zuciya ya ragu. Ka ba mai irin wannan ciwo da jininsa ya riga ya yi ƙasa, kana iya ganin awon ya faɗi warwas a gabanka. Wannan ce amsar.

Sauran abin da ba a yafewa: in zuciya ta tsaya, VF da VT marar bugu su ake yi wa shokin lantarki. Miƙaƙƙen layi da PEA ba a yi musu, duk abin da kuke gani a fim. Danna ƙirji ake yi sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, a ba da adirenalin, a nemi musabbabi. Akwai wani rikicin bugu mai murɗewa kamar igiya, tosad, wanda wani likitan Faransa ya bayyana a 1966, maganinsa magniziyam ne. In kuma mutum ya fito daga tiyatar zuciya, jinin da ke fita ta bututun ƙirji ya tsaya kwatsam, awon jini ya sauka, jijiyoyin wuya suka kumbura, sautin zuciya ya dushe, to ka yi zargin jini ya taru a jakar zuciya ya shaƙe ta. Wannan ba na jira har safiya ba ne.

Inda abin ya taɓo mu

Akwai abubuwan da mu ya kamata mu fi kowa riƙewa. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka nuna cewa ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa don awon iskar oksijin ya fi yin kuskure a baƙar fata: kusan ninki uku ake samun wanda iskarsa ta yi ƙasa amma na'urar na cewa lafiya lau. Saboda haka in mara lafiya yana haki lamba kuma tana nuna 94, ka nemi a auna jinin kansa. Shuɗin fata ma da littafi ke faɗa ba ya fitowa a jikinmu yadda aka zana, sai ka duba leɓe ta ciki, harshe da cikin ido.

Magungunan hawan jini irin su lisinofiril sun fi kumbura wa baƙar fata leɓe da harshe, abin da kan iya toshe numfashi. Wani gwaji na 2004 mai suna A-HeFT kuma ya nuna haɗin haidiralazin da aisosobaid ya rage mutuwa da kashi 43 cikin 100 a tsakanin baƙaƙe masu gazawar zuciya.

Sai ciwon zuciyar masu jego. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka rubuta yadda ya yi yawa a Zariya, suka ɗora zargi kan wankan jego da kunun kanwa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi daga baya a Kano bai tabbatar da zargin ba, ya fi nuna ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci. Koma dai mene ne sila, in ka ga mai jego ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai da filo uku, tana tari da dare, kada ka bari a ce gajiyar haihuwa ce. A yi mata hoton zuciya.

Ga kuma batun harshe. Bahaushe in ya ce ciwon zuciya, yana iya nufin baƙin ciki. In ya ce zuciyarsa na tashi, amai yake ji. Iyayenmu kuma akwai kawaici, ciwo na cin su suna cewa da sauƙi. Mata da masu ciwon suga sau da yawa ba sa jin ciwon ƙirjin ma, sai kasala, haki ko zafin ciki. Wannan Hausar da muke jin kunyar yi a gaban abokai, ran nan ita ta taimaki Baba.

Yadda za ka shirya

Ka sauko da littafin jagora daga shafin AACN ka ga tsarin da ake kai, don sukan sabunta shi. Ka ware wata 2 ko 3, kana yin tambayoyin gwaji kullum, wadda ka faɗi ka bi dalilinta har ka gane. Haddar lamba kaɗai ba ta fitar da kai, domin labarin mara lafiya za a ba ka a ce me za ka fara yi. Duk wanda aka ba ka a wurin aiki ka tambayi kanka: ruwan ne, famfon ne, ko tiyon? Kada kuma ka raina ɓangaren ɗa'a da mu'amala da iyalan mara lafiya, kashi 20 cikin 100 ne na makin.

Baba dai ya tashi. Ranar da za a sallame shi ya riƙe hannuna ya ce, "'Yata, ashe ba olsa ba ce." Na ce, "Ba ita ba ce, Baba, kuma don Allah in ka sake jin haka kada ka jira magariba, 911 za ka kira." Ku ma ku faɗa wa na gida haka. Masu shirin jarrabawa kuma, Allah ya ba da sa'a, sai mun ji labari mai daɗi.