Ina Za a Samo Sunan Kakan Ɗan Rafin Guza?

A Ingila, tun 1538 aka umarci kowace majami'ar ƙauye ta riƙa rubuta sunan wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Shi ya sa Bature kan zauna ya jero kakanninsa na shekara ɗari huɗu. Mu ba mu gaji wannan ba. Liman ya raɗa suna, ya ɗaura aure, ya sallaci gawa, jama'a su shaida, a shafa fatiha a watse. To, ɗan Rafin Guza, can gefen Kawo a Kaduna, da ke son sanin inda gidansu ya taso, ina zai dosa?

Abin mamaki, manyan rumbunan takardun Arewa guda biyu na kusa da shi. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, akwai kuma Gidan Arewa a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci mayar da shi cibiyar bincike a 1970. Sai dai kada ya shiga da dogon buri. Fayilolin Turawa an jera su ne lardi-lardi, gunduma-gunduma, don haka na Lardin Zariya zai nema, tun da yankin ƙasar Zazzau ne, na Gbagyi da Hausawa da Fulani, kafin a dawo da hedkwatar Arewa Kaduna daga Zungeru a 1917. Kuma Bature bai rubuta don jikokin kowa ba. Haraji ya kai shi. Rahotannin da jami'ansa suka bari sun ƙirga baligai, da shanu don jangali, da gonaki da sana'o'i. Za ka ga sunan hakimi da dagaci. Talaka kuwa adadi ne.

Inda sunan talaka ya fi fitowa shi ne kundin harajin En'e, wanda malamin haraji ke cikawa gida-gida. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna. Talakawa sun sami sauƙi, ba shakka, amma daga nan aka daina rubuta masu gidaje kowace shekara. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a duk ƙasa sai a 1979 ta zo, aka sabunta ta a 1992, har yau ma ba kowa ke kai jaririnsa ba.

A ganina, taskar gaske tana cikin gida, a ƙasan adakar tsohuwa ko tsakanin shafukan wani littafin addini. Takardar cinikin fili ce, an ninke ta huɗu har ta fara tsagewa a gaɓa, da hatimin mai unguwa da dangwalen shaidu. Irin wannan takarda ba ta faɗin girman fili kaɗai. Takan ce gabas ya yi iyaka da gidan wane, yamma da gonar wane, ka ga ke nan ta ba ka maƙwabtan wannan zamanin. Ta rabon gado daga kotun alƙali ta fi ta ma, domin shari'a ba ta yarda a tsallake magaji ko ɗaya ba: matan mamaci, da 'ya'ya mata, da uwa, duk sai an ambace su. Matan da kundin haraji ya manta da su, a nan suke. Da yawa cikin tsofaffin takardun da ajami ko Larabci aka rubuta su, saboda haka a nemi malamin zaure ya karanta, ba ɗan boko ba.

Takardun nan na cikin haɗari, domin Rafin Guza kusa take da Kogin Kaduna, ruwa kan shiga gidaje idan damina ta yi nauyi. Abin da ambaliya ta bari, gara na jiransa. Ɗaukar hoton takarda da waya ba ya cin minti biyar.

Saura bakin tsofaffi. Kada a tambayi kaka shekarar haihuwarta. A tambaye ta me take iya tunawa. In ta ce tana goye aka yi hawan daba na zuwan Sarauniyar Ingila, 1956 ke nan. In an kai ta ɗaki shekarar da aka kashe Sardauna, 1966. Canjin hannu na tuƙin mota 1972, shigowar naira 1973. A tambayi tsagen fuskar mahaifinta, da sana'arsa, da abin da ya kawo shi Kaduna: soja ne, ko reluwe, ko masaƙa, ko cirani ne ya zama zama. Da irin wannan hira Mary Smith ta rubuta rayuwar Baba ta Karo, aka buga a 1954, kuma sunayen dangi da aure-auren da ke cikin littafin duk daga bakin tsohuwar suka fito.