Kiran gaggawa a bakin iyaka: wa zai ɗauka, wa zai zo?

Duk ɗan kasuwar da ke kai da komowa tsakanin Illela da Birnin Konni, ko Jibiya da Ɗan Isa, ya san wannan abu: kana tsaye a ƙasarku, amma wayar salularka ta kama sabis ɗin maƙwabta. Yawancinmu kuɗin katin da ake zaftarewa kawai muke kuka da shi. To amma ranar da gobara ta tashi a rumfa, ko mota ta kife da mutane, kiran neman agaji zai bi eriyar da wayar ta kama ne, ya faɗa hannun ƙasar da ke da eriyar. Ga shi kuma lambobin ba ɗaya ba ne. A Nijeriya 112 ce lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta gina wa cibiyoyi a jihohi da dama, a Nijar kuwa 17 ta 'yan sanda ce, 18 ta 'yan kwana-kwana, 15 ta motar asibiti.

Wata rana da la'asar wani bawan Allah ya bugo mana waya a gidan rediyo, muryarsa na rawa, ya ce motar albasa ta faɗi ta danne yaron mota. Da muka tambaye shi wurin, sai ya ce kusa da babbar tsamiya, bayan an wuce shingen duwan. Wane shingen, na wace ƙasa? Kafin mu gano, mun ɓata lokacin da har yau nake jin zafinsa. A baro aka kai yaron bakin titi, Allah Ya sa da sauran kwana.

Turawa ma sun sha wannan wahala. Tun 1991 ƙasashen Turai suka amince da 112 a matsayin lamba guda, sai dai lamba guda ba ta sa cibiyoyi sun san aikin juna. Ranar 13 ga Mayu, 2000, wani ma'ajin kayan wasan wuta ya fashe a garin Enschede na ƙasar Holan, mutum 23 suka mutu, kusan 950 suka jikkata, kuma 'yan kwana-kwana da motocin asibiti na Jamus, waɗanda ke ƙetaren iyaka kaɗan, suna cikin waɗanda suka kawo ɗauki. A yankin da Holan da Beljiyam da Jamus suka haɗu, wato kewayen biranen Maastricht da Liège da Aachen, akwai wani tsarin haɗin gwiwa mai suna EMRIC, inda aka tsara tun kafin ɓacin rana yadda cibiya za ta nemi agajin 'yar'uwarta kai tsaye, duk da cewa harsuna uku ake yi a wurin. Akwai ma garin Baarle, wanda iyakar Holan da Beljiyam ta ratsa ta cikin gidaje da kantuna, inda ɓangarorin biyu suka haɗe 'yan kwana-kwanansu wuri guda.

Mai karatu zai ce, to me ake musayarwa? Na farko taswira. Kowace cibiya tana da taswirar yankinta a kwamfuta, kuma idan maƙwabta biyu suka zana iyakarsu kowa shi kaɗai, sai a sami wurin da kowa ke cewa nasa ne, ko kuma wurin da babu mai shi. Wanda tsautsayi ya afka wa a irin wannan wuri, sai a yi ta miƙa kiransa daga hannu zuwa hannu, yana maimaita bayani. Saboda haka a Amurka, a sabon tsarin lambarsu ta 911, ana buƙatar maƙwabta su zauna su daidaita layin taswirarsu, su kuma daidaita sunayen tituna. Mu da ƙauye guda kan amsa suna biyu, rubutun Faransanci daban, na Ingilishi daban, ai mun fi su bukatar wannan zama.

Na biyu shi ne sanin inda motoci suke. A kewayen birnin Washington, yankunan Fairfax da Arlington da Alexandria sun jona kwamfutocin cibiyoyinsu, ta yadda mai karɓar kira zai ga motar maƙwabta da ke zaune babu aiki, ya neme ta ba tare da ya ɗaga waya ba. Wadda ta fi kusa ita ke zuwa. Ku auna da namu: daga Illela zuwa Sakkwato tafiyar fiye da awa guda ce a mota, zuwa Konni kuwa 'yan mintuna ne a kan kabu-kabu.

Akwai kuma wata dabara da aka fara a Ingila a 2014, wadda ke sa wayar zamani ta aika wa cibiya ainihin inda mai kira yake da kanta. Tun watan Maris na 2022 Tarayyar Turai ta wajabta wa irin waɗannan wayoyi da ake sayarwa a ƙasashenta su iya yin haka. Sai dai kash, ko can ɗin saƙon kan ɓace idan wayar tana kan sabis ɗin wata ƙasa, wato daidai matsalar mutanen iyaka.

A ganina, kwamfuta ba ita ce babbar matsalarmu ba. Iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. A irin wannan yanayi, da wuya wata hukuma ta buɗe wa wata taswirarta. Amma akwai hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971, mai mazauni a Yamai, kuma maganar gobara da haɗarin mota ba sirrin soja ba ce. Muna ma da abin da Turawan can ba su da shi, domin mai karɓar kira a Katsina da na Maraɗi za su iya fahimtar juna da Hausa.

Kafin manya su zauna, shugabannin kasuwa da na tasha za su iya rubuta lambobin ɓangarorin biyu a jikin allo, tare da lambar ofishin kwana-kwana da ta asibiti mafi kusa, kowacce da lambar ƙasarta a gaba, 227 ko 234. Mai bugawa kuma ya fara da faɗin ƙasar da yake tsaye da sunan gari mafi kusa, kafin ya zo kan tsamiya.