Koyar da ilimin alaƙar halittu da muhalli a jami'a: darasi daga karkarar Sabon Maci

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana duba yadda ake koyar da ekoloji, wato ilimin alaƙar halittu da muhallinsu, ga ɗaliban kimiyyar muhalli a jami'o'in Nijar. Ra'ayinmu shi ne a gina darasin a kan gona da filin kiwo na Sahel tun daga ajin farko, maimakon a ajiye su a matsayin misalan ƙarshen littafi. Mun ɗauki karkarar Sabon Maci, a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, domin nuna yadda hakan zai yiwu.

1. Gabatarwa

Bajamushen nan Ernst Haeckel ne ya ƙirƙiro kalmar ekoloji a 1866. A 1935 kuma Arthur Tansley na Ingila ya kawo ra'ayin cewa tsirrai da dabbobi da ƙasa da ruwa da iska na wuri guda tsari ɗaya ne da ya kamata a yi nazarinsa a haɗe. Wannan ilimi ya girma a dazuzzuka da tafkunan Turai da Amurka, kuma daga can yawancin littattafan da muke koyarwa da su suka ɗauko misalansu.

A yau ana koyar da shi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi wadda aka kafa a 2010, da Jami'ar Diffa da wasunsu. Ɗaliban da ke fita daga waɗannan azuzuwa su ne ke zama ma'aikatan gandun daji, malaman gona da jami'an ayyukan raya karkara. Abin da suka ɗauka a aji game da daji da gona shi za su je su zartar a kan manomi da makiyayi. Saboda haka zancen manhaja a nan ya shafi abincin mutane da zaman lafiyarsu.

2. Wurin nazari

Sabon Maci tana kudancin gundumar Dakoro, a kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Kornaka zuwa Dakoro. Ƙasar noma ce: hatsi da wake da dawa da gyaɗa, mafi yawa a kan jigawa. Mai tafiya arewa daga nan zai ga ruwan sama na raguwa. A Maraɗi yakan kusanci milimita 500 a shekara, a Dakoro yawanci ba ya kai 400. Gaba da Dakoro akwai kwarin Tarka, wanda ake ɗauka a wannan yanki a matsayin iyakar noma ta arewa, bisa dokar 26 ga Mayu 1961. Bayansa sai ƙasar kiwo ta Fulani da Buzaye, da gandun namun daji na Gadabeji mai faɗin hekta 76,000, wanda aka keɓe a 1955, hukumar UNESCO kuma ta shigar da shi jerin keɓaɓɓun wurarenta na rayuwar halittu a 2017.

Ke nan a tafiyar yini guda ɗalibi zai ratsa gonaki masu itatuwa, da bakin iyakar noma, da filin kiwo, da gandun da doka ta tsare. Da wuya littafi ya ba malami jeri mai tsari kamar wannan.

3. Ra'ayoyi uku da ke bukatar a sake duba su

3.1. Raba daji da gona

Littattafai da yawa suna fara darasi da muhallin da hannun ɗan Adam bai taɓa ba, sa'an nan su kawo mutum a babin ƙarshe a matsayin mai ɓarna. Wannan tunani yana da tarihi a ƙasarmu. Dokar daji ta mulkin mallaka ta 4 ga Yuli 1935, da dokar 4 ga Maris 1974 da ta gaje ta, sun sa wasu itatuwa irin su gawo ƙarƙashin tsaron hukuma ko da a cikin gona suke. Manomin da ya sare reshe ba izini yana iya biyan tara. Sakamakon da aka gani shi ne manomi ya gwammace ya kawar da tsiron icce tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa ma'aikacin gandun daji.

Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 an ba da ƙarfi ga dashe, kuma taron ƙasa kan yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a watan Mayu 1984 ya ƙarfafa wannan hanya. Amma abin da ya sauya fuskar ƙasar ya fito ne daga cikin gonaki. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya da ke aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tohon kututture ne masu saiwa mai rai a ƙasa. Idan aka zaɓi reshe biyu ko uku aka bar su, aka datse sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama icce. Manoma sun san wannan dabara tun da can. Abin da ya sauya shi ne samun tabbacin cewa iccen na mai gona ne. Wannan aiki, da ake kira sassaben zamani, ya bazu a jihohin Maraɗi da Damagaram. Binciken Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale da aka wallafa a 2009 ya ƙiyasta kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200.

Abin lura ga malami shi ne: a ƙasa irin ta Sabon Maci yawan itatuwa da irinsu ya rataya a kan gatarin manomi da dokar mallaka kamar yadda ya rataya a kan ruwan sama. Ɗalibin da aka koya wa ƙirga itatuwa ba a koya masa tsarin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 da dokar daji ta 2004 ba, zai dawo da alƙaluma ya rasa fassararsu.

3.2. Zaton cewa tsirrai na da matsayi guda na ƙarshe

A 1916 Frederic Clements na Amurka ya koyar cewa tsirran kowane yanki suna bin matakai har su kai wani matsayi tabbatacce wanda yanayin wurin ya ƙayyade. Duk abin da ya kauce daga nan lalacewa ce. A Sahel wannan ma'auni yana ruɗar mai nazari. Yawancin ciyawar filin kiwo, kamar ƙarangiya, a damana guda take tsirowa ta yi ƴaƴa ta bushe. Wadda za ta mamaye fili bana ta danganta ga lokacin da ruwan farko ya sauka da tsawon tsaikon da ya biyo baya. Filin da ya zama huhun rairayi a shekarar fari yana iya rufewa da ciyawa bayan damana biyu masu kyau, domin iri na kwance a ƙasa.

Binciken Ellis da Swift a ƙasar Turkana ta Kenya, wanda ya fito a 1988, ya nuna cewa inda ruwan sama ke sauyawa sosai daga shekara zuwa shekara, fari ya fi yawan dabbobi tasiri a kan ciyawa. Wannan bai kore samuwar lalacewa ta gaskiya ba. Yaɗuwar garmani (Sida cordifolia), wanda bisashe ba su cika ci ba, a burtali da filayen kiwo na jihar Maraɗi alama ce da ta wuce sauyin shekara guda. Aikin malami shi ne ya koya wa ɗalibi rarrabe waɗannan biyu, kuma ba a yin haka da ziyara ɗaya. Sai an koma fili guda shekara da shekaru.

3.3. Adadin dabbobin da fili ke iya ɗauka

A lissafin kiwo ana amfani da saniyar ma'auni mai nauyin kilo 250, wadda ke cin kilo 6.25 na busasshiyar ciyawa a yini. A rani na kwana 270 tana bukatar kusan kilo 1,700. An saba ɗauka cewa kashi ɗaya cikin uku na ciyawar da ta tsiro ne kawai ke kai bakin dabba. Sauran na tafiya ga gara da iska da tattakewa da wutar daji. A ɗauka, alal misali, hekta guda ta ba da kilo 1,500 a shekara mai albarka: saniya ɗaya za ta bukaci kimanin hekta 3 da rabi. Idan hektar ta ba da kilo 600 kawai a shekarar ƙarancin ruwa, bukatar ta haura hekta 8.

Lissafin ba shi da wuya. Haɗarinsa shi ne ɗalibi ya riƙe adadi guda ya ce shi ne ƙarfin filin har abada, ya yanke hukuncin cewa dabbobi sun yi yawa. Makiyayi ya daɗe da warware matsalar ta hanyar tafiya: arewa da damana, kudu bayan girbi, inda dabbobi ke cin kara su bar taki a gona. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince da wannan zirga-zirga a matsayin haƙƙi. Don haka ya kamata a koyar da lissafin tare da taswirar burtali da rijiyoyi, a nuna wa ɗalibi abin da ke faruwa idan gona ta cinye burtali.

4. Gonar hatsi a matsayin ɗakin gwaji

Kusan duk alaƙar da manhaja ta lissafa tsakanin halittu tana cikin gonar hatsi guda.

Gawo (Faidherbia albida) yana zubar da ganye da damana ya yi sabo da rani, saɓanin sauran itatuwa. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana lokacin da yake bukatarta, ganyen da ya zuba yana zama taki, bisashen da ke fakewa a inuwarsa da rani suna ƙara nasu. Ƴaƴansa abincin dabbobi ne, dabbobin kuma su ke baza irinsa. Darasin cuɗanya da zagayawar sinadaran taki ke nan a gindin icce ɗaya.

Sabara (Guiera senegalensis) tana tare ƙurar da iska ke kwasowa, har ƙasa ta taru a gindinta. Bincike a Senegal ya nuna cewa saiwarta tana jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi ta sake shi kusa da sama da dare, hatsin da ke kusa ya amfana.

Ƙuduji (Striga hermonthica) yana manne wa saiwar hatsi yana tsotsarsa, kuma ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi (Heliocheilus albipunctella), tana da maƙiyi: wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin rina (Habrobracon hebetor) da ke saka ƙwai a jikinta. Masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi sun yi aikin kiwonsa da sakinsa a gonakin manoma. Ɗalibin da ya ƙirga zangarniyoyin da murzuna ta ci a gonar da aka saki ƙwaron da wadda ba a saka ba ya fahimci alaƙar mafarauci da abin farautarsa fiye da wanda ya haddace zane a allo.

5. Aikin fili: lokaci, awo da harshe

Na farko, lokaci. Ana tantance ciyawa da auna nauyinta ne a ƙarshen damana, wajen Satumba, lokacin da ta yi fure da ƴaƴa. Bisa tsarin shekarar karatu da muka gada, wannan lokaci yana faɗawa cikin babban hutu. Idan sashe bai keɓe mako biyu na fita fili a wannan wata ba, ɗalibai za su gama digiri sun san busasshen samfur a takarda kawai.

Na biyu, awo. A gonaki masu itatuwa an saba yanka fili mai mita 50 tsawo da 50 faɗi, wato rubu'in hekta, a auna kaurin icce a tsayin mita 1.30. Amma sabara da kalgo rassa da yawa suke fitarwa daga kututture guda, sau da yawa ba su kai wannan tsayi ba. Dole malami ya yanke tun farko ko kututture ake ƙirgawa ko reshe, ya rubuta, ya riƙe ƙa'idar kowace shekara. In ba haka ba, alƙaluman bana da na baɗi ba za su kwatantu ba.

Na uku, harshe. Ana ba da darasi da Faransanci, ana yin tambaya a gona da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci. Manomin Maraɗi yana rarrabe jigawa da geza da fadama, kuma geza sunan ƙasa mai tauri ne, sunan tsiro ne kuma (Combretum micranthum) da ke son irin wannan ƙasa. Wannan ilimin alamomi ne da harshe ya adana. Sai dai suna ɗaya yana iya rufe iri biyu: kalgo na nufin Piliostigma reticulatum a nan, yana kuma nufin Piliostigma thonningii a kudu. Tun 1916 J. M. Dalziel ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, ayyukan Claude Raynaut a ƙauyukan Maraɗi da littafin Anne Luxereau da Bernard Roussel na 1997 kuma sun nuna amfanin haɗa nazarin tsirrai da na al'umma. Muna ba da shawarar kowane samfur da ɗalibi ya kawo ya zo da sunan kimiyya, da sunan gida, da garin da aka ji sunan, da abin da mai gona ya ce yana yi da tsiron.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba sassan da ke koyar da wannan fanni shawara uku. A kafa filaye na dindindin a jere daga Sabon Maci zuwa Tarka, da yardar masu gonaki da hukumar gari, kowane aji ya auna su ya bar wa na bayansa alƙaluma. A haɗa darasin ekoloji da na dokokin ƙasa da kiwo a fita fili guda. A kuma nemi ɗalibi ya bayyana sakamakon bincikensa da Hausa gaban mutanen garin kafin ya gabatar da shi da Faransanci gaban malamai. Mai gona zai gane da wuri idan an ƙirga masa sabara ba daidai ba, kuma gyaransa zai shiga rahoton kafin rahoton ya zama hujjar wani hukunci a ofis.