Masedoniya ta Arewa: Inda ƙaurace wa rumfar zaɓe ke iya rushe zaɓen shugaban ƙasa

A mafi yawan ƙasashe, wanda ya fi samun ƙuri'u shi ne ke lashe zaɓe, ko da kuwa mutane ƙalilan ne suka fito. Amma a Masedoniya ta Arewa, wata ƙaramar ƙasa da ke yankin Balkan mai mutane kimanin miliyan 1.8, lamarin ba haka yake ba.

Bisa tsarin mulkin ƙasar, sai ɗan takara ya samu goyon bayan fiye da rabin dukkan waɗanda ke cikin rajistar masu zaɓe kafin ya yi nasara a zagayen farko. Wannan abu ne mai wuya, don haka akan je zagaye na biyu tsakanin 'yan takara biyu da ke kan gaba.

A zagaye na biyun kuma, dole ne aƙalla kashi 40 cikin ɗari na masu rajista su kaɗa ƙuri'a. Idan ba a cimma wannan adadi ba, to za a sake zaɓen ne tun daga farko.

A da, ƙa'idar ta kai kashi 50, sai dai a shekarar 2009 majalisar dokoki ta rage ta. A zaɓen wannan shekarar, wanda Gjorge Ivanov ya lashe, da ƙyar aka haura kashi 40.

Matsalar ita ce, rajistar tana ɗauke da sunayen ɗimbin 'yan ƙasar da suka tafi ci-rani ƙasashen waje, waɗanda ba kasafai suke yin zaɓe ba.

Ƙa'idar ta kuma ƙara wa 'yan ƙabilar Albaniya tasiri. Su ne kusan kashi ɗaya cikin huɗu na al'ummar ƙasar, kuma akasarinsu Musulmi ne. Idan jam'iyyunsu suka yi kiran a ƙaurace, zaɓen na iya shiga haɗari, kamar yadda babbar jam'iyyarsu ta DUI ta yi kira a 2014.

Maƙwabciyarta Sabiya ta ɗanɗana kuɗarta da irin wannan doka, inda zaɓen shugaban ƙasa ya rushe har sau uku tsakanin 2002 da 2003, kafin a soke ta a 2004.

A Masedoniya ta Arewa dai, har yanzu ba a taɓa soke zaɓen shugaban ƙasa saboda ƙarancin fitowar jama'a ba. A watan Mayun 2024, Gordana Siljanovska-Davkova ta tsallake wannan siraɗi, ta zama mace ta farko da ta hau kujerar shugabancin ƙasar.