Kacala: yadda ciyawa ke ƙwace ruwa daga hannun masunta

Daga Gwallaga, Bauchi

Mazauna Legas sun san ciyawar nan mai shuɗin fure da ke toshe wa kwale-kwale hanya a Ikorodu. Baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, ta shigo ta Badagry a 1984. A Bahar Rum ma haka ne: wata halitta mai yauƙi da harbi ta biyo mashigin Suwez daga Bahar Maliya, tana cika wa masunta taru.

To, a gida ma muna da tamu, wato kacala. Bayan an gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani. Kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. Kifi ya ragu, gonaki suka salwanta, tsuntsayen jan-baki suka samu mafaka suna cinye shinkafa.

Kogin Jama'are da ya ratsa jihar Bauchi kuwa ba babban dam a kansa, ambaliyarsa ce ke rayar da fadamar da damina. Don haka in an tayar da maganar dam ɗin Kafin Zaki, mu tambaya: yaya za a riƙa sakin ruwan?